Amsa ga mai tambayar VLOOKUP da kuɗin aika kaya bisa kilo

Wa'alaikumussalam Hajiya. Na karanta tambayarki sau biyu don in tabbatar na gane ta. Kin ce kamfanin da ke kai miki kaya daga Kano zuwa Abuja ya ba ki takardar farashi: har zuwa kilo 2 naira 3,500, har zuwa kilo 5 naira 5,000, har zuwa kilo 10 naira 8,000, har zuwa kilo 20 naira 13,000. Kin zuba su a Excel yadda suke a takardar, kin sa VLOOKUP, wato fomular da ke nemo lamba a jadawali ta ɗauko abin da ke gefenta, da kika rubuta 3.4 sai ya fito da #N/A. Wani ya ce ki mayar da FALSE zuwa TRUE, kika mayar, sai ya ba ki 3,500, alhali kin san 5,000 za a karɓa a hannunki.

Fomularki lafiyarta ƙalau. Matsalar a jadawalin take. Shekara shida nake riƙe wa yayana lissafin shagonsa a Kantin Kwari, muna aika atamfa da shadda da leshi zuwa Abuja da Legas da Fatakwal, kuma wannan abin da ya same ki shi ne farkon abin da ya same ni.

Ga yadda abin yake. Idan kika sa FALSE, kin ce wa VLOOKUP ya nemo lambar nan ita kanta, babu ragi babu ƙari. Babu 3.4 a jadawalinki, shi ya sa ya ce bai samu ba. Idan kuma kika sa TRUE, sai ya nemi lamba mafi girma wadda ba ta wuce abin da kika ba shi ba. Kin ba shi 3.4. Biyar ta wuce, biyu ba ta wuce ba, sai ya tsaya a kan biyu ya ɗauko miki kuɗinta. Wato kamfani yana cewa "har zuwa kilo kaza", shi kuma VLOOKUP abin da yake ji shi ne "daga kilo kaza". Ba zai taɓa hawa sama ba, kullum ƙasa yake komawa. Saboda haka sai ki sake rubuta jadawalin da mafarin kowane mataki, ba ƙarshensa ba.

Za ki ga mutane da yawa suna rubuta 0, 2.01, 5.01, 10.01. Yana aiki, ni ma da shi na fara. Amma ranar da muka sayi sikelin da ke nuna giram, sai ƙunshi mai kilo 2.005 ya faɗa tsakanin 2 da 2.01, aka ba shi kuɗin ƙaramin mataki. Tun daga nan na daina. Tunda matakan kamfaninki duk cikakkun kilo ne, ki fara cika nauyin zuwa sama kafin a je neman kuɗi.

Ki buɗe sabon shafi ki sa masa suna Farashi. A gidan A1 ki rubuta Daga, a B1 ki rubuta Abuja. Sai ƙasa da su:

1 da 3500
3 da 5000
6 da 8000
11 da 13000
21 da kalmar "A tambaya"

A shafin da kike rubuta odar kwastomomi, a ce nauyi yana gidan B2. A gidan D2 ki sa =ROUNDUP(B2,0). Wannan zai mayar da 3.4 ya zama 4, ya mayar da 2.1 ya zama 3, ya bar 2 a matsayin 2. Sai a E2 ki sa:

=VLOOKUP(D2,Farashi!$A$2:$B$6,2,TRUE)

Huɗu za ta sauka a kan 3, ta ɗauko 5,000. Kilo 2 cif zai sauka a kan 1, ya ɗauko 3,500, kamar yadda takardar ta ce. Za ki iya cusa ROUNDUP cikin VLOOKUP ki huta da gida ɗaya, amma ban ba ki shawara ba. Ki bar cikakken kilon a fili inda idonki zai gan shi, domin idan kwastoma ta kira tana ƙorafi, shi za ki karanta mata.

Alamun dalar nan da kike gani kada ki cire su. Su ne ke riƙe jadawalin a wuri ɗaya idan kika ja fomular ƙasa. In babu su, layi na biyu zai fara karatu daga A3, na uku daga A4, sai ki ga ƙananan kaya sun fara ba da #N/A ba ki san dalili ba. A kwamfuta, idan kika haska A2:B6 a cikin fomular kika danna F4, zai sa miki su da kansa. Sannan lambobin ginshiƙin A dole su tafi daga ƙarama zuwa babba. Idan kika cusa sabon mataki a ƙasa ba a muhallinsa ba, Excel ba zai yi miki gargaɗi ba, kuɗin wani matakin kawai zai miƙo miki.

Layin ƙarshe na 21 shi ne wanda nake so ki fi kula da shi, don a nan muka yi asarar da ta fi zafi. Da farko jadawalinmu a mataki na ƙarshe ya tsaya. Wata rana wani kwastoma ya sayi dila guda, nauyinta ya haura kilo 40. Yaron shago ya rubuta nauyin, fomula ta ɗauko kuɗin matakin ƙarshe, tunda shi ne mafi girma da bai wuce ba. Aka faɗa wa mutumin, ya turo kuɗinsa, muka kai kaya wurin aike aka ce ninkin hakan za mu biya. Mun riga mun yanke masa magana, ba za mu koma mu ce ya ƙaro ba. Daga ribar kayan muka cika. VLOOKUP mai TRUE ko kilo 500 kika ba shi, ba zai ce ya yi yawa ba. Layin "A tambaya" shi ne birkinsa. Idan kamfanin yana da tsayayyen kuɗi na kowane kilo bayan 20, ki rubuta kuɗin a gidan B8 na shafin Farashi, ki yi haka:

=IF(D2>20,Farashi!$B$5+(D2-20)*Farashi!$B$8,VLOOKUP(D2,Farashi!$A$2:$B$6,2,TRUE))

Na ga wanda ya ce miki ki jera IF cikin IF har huɗu ki bar VLOOKUP. Zai ba da amsa daidai yau. Amma kuɗin zai shige cikin fomula, kuma ranar da farashi ya canza sai kin bi kowace fomula kina gyarawa. Da jadawali, gida ɗaya za ki taɓa.

Akwai kuma XLOOKUP, kuma gaskiya ya fi dacewa da irin takardarki, domin shi ana iya ce masa ya hau sama. Da shi ba sai kin juya jadawalin ba, sai ki bar 2, 5, 10, 20 yadda kika rubuta su tun farko:

=XLOOKUP(B2,$A$2:$A$5,$B$2:$B$5,"A tambaya",1)

Ɗayan nan na ƙarshe shi ke cewa in ba a samu daidai ba, a ɗauki na gaba mafi girma. 3.4 zai hau kan 5, abin da ya wuce 20 kuma ya ba da "A tambaya". Ki ƙara sunan shafin jadawalin a gaban A da B idan ba a shafi ɗaya suke da odar ba. Dalilin da ya sa ban fara da shi ba, sai a Excel 2021 da na bayansa da Microsoft 365 yake. Excel 2016 da 2019 ba su san shi ba, kuma su ne suka cika kwamfutocin shagunanmu. Idan kika tura fayil ɗin ga mai tsohon Excel, da ya taɓa lamba sai #NAME? ya fito. Google Sheets kuwa ya samu XLOOKUP tun 2022, don haka in a waya kike aiki da shi, ki yi amfani da shi hankalinki kwance.

Kin ce nan gaba za ki ƙara Legas da Fatakwal. Ki sa Legas a C1, Fatakwal a D1 na shafin Farashi, ki cika kuɗinsu a ƙasa. A shafin oda ki rubuta gari a C2, sai MATCH, mai gano ginshiƙin garin, ya maye gurbin lambar 2 ɗin nan da ke nuna ginshiƙin kuɗi:

=VLOOKUP(D2,Farashi!$A$2:$D$6,MATCH(C2,Farashi!$A$1:$D$1,0),TRUE)

Abin da ke ɓata wannan ba lissafi ba ne, rubutu ne. Ke ki rubuta Legas, mai taimaka miki ta rubuta Lagos, wani ya rubuta Ikko, ko a bar fili bayan kalmar. Ki shiga Data Validation ki yi jerin zaɓi na garuruwan, kowa ya zaɓa kada ya rubuta da hannu. Haka nan gidan nauyi, lamba zalla. Wanda ya rubuta 3.4kg ya mayar da shi rubutu, ROUNDUP zai ce #VALUE!. Kuma don Allah kada ki lulluɓe fomular da IFERROR mai ɓoye kuskure ta riƙa ba da sifili don shafi ya yi kyan gani. Sifili a gidan kuɗin mota yana nufin ke za ki biya.

Tunda kin ambaci cewa kina haɗawa da kayan kicin, akwai abin da sikeli ba zai faɗa miki ba. Robobi da kuloli ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuma kamfanoni da yawa, musamman masu jirgi, suna auna kwali su caji wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma. Tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da wata lamba. DHL Express da 5,000 yake rabawa, a kayan jirgi na gama-gari kuma 6,000 aka saba. Kwali mai 60 da 40 da 40 ya ba da 96,000. A raba da 5,000 ya zama kilo 19.2, a raba da 6,000 ya zama 16. Ko da sikeli ya ce kilo 7 ne, a jadawalinki ya tashi daga 8,000 ya koma 13,000. Ki tambayi kamfaninki ko suna yin haka da kuma lambar da suke rabawa da ita. In suna yi, ki lissafa nauyin girma a gidan F2, ki mayar da D2 ya zama =ROUNDUP(MAX(B2,F2),0). Atamfa ba ta cika shiga wannan ba, ita nauyinta ya fi girmanta. Kuma ki riƙa aunawa bayan an ɗaure kaya da kwali da salatif, ba kafin ba. Direban tasha shi kam da ido yake yanka kuɗi, nasa sai dai ki rubuta da hannu.

Masu bibiya daga Maraɗi ko Damagaram da Excel ɗinsu ke Faransanci: VLOOKUP shi ne RECHERCHEV, MATCH shi ne EQUIV, ROUNDUP shi ne ARRONDI.SUP, TRUE kuma VRAI, sannan da ; ake raba sassan fomula maimakon waƙafi.

Sai maganar canjin farashi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin aike ya tashi, na shiga jadawalinmu na sa sababbin kuɗi. Nan take duk odar watannin baya ta koma sabon farashi, domin fomula ba ta san jiya ba, abin da ke jadawali yanzu kawai take karantawa. Lissafin ribarmu na wata biyar ya rikice, sai da na kwana biyu ina bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Yanzu duk ƙarshen mako nakan haska gidajen kuɗin odar da aka riga aka aika, in kwafa, in liƙa su da Paste Values su zama lambobi tsayayyu. Ki yi haka kafin ki taɓa jadawali.

Idan kin gama haɗawa, kafin ki faɗa wa kowa kuɗi, ki gwada nauyin nan shida a B2: 2, 2.1, 5, 5.1, 20 da 20.1. Ya kamata ki ga 3,500, sai 5,000, sai 5,000, sai 8,000, sai 13,000, sai "A tambaya". In ɗaya ya saɓa, ki ɗauko hoton shafin Farashi da fomular ki turo, in sha Allahu zan duba miki bayan Isha'i.