Amsa ga mai tambayar wa ke riƙe da linzami idan gobara ko ambaliya ta tashi a Kano

Wa alaikumus salam. Malam ka tambaya idan abu ya faru a gari, gobarar kasuwa ko ambaliya ko gini ya rufta, wa ke haɗa kan 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da asibiti, ko kowa gaban kansa yake yi. Na ga wasu sun ce maka NEMA wasu sun ce SEMA, ba su yi ƙarya ba amma ba su ƙarasa ba. Bara na faɗa maka wanda na gani, dan na yi aikin rigakafi a ɓangaren tattara bayanai, daga baya kuma na riƙa bin 'yan agaji.

A tsari dai NEMA hukumar ba da agajin gaggawa ce ta tarayya tun 1999, SEMA ita ce irinta ta jiha, sai kwamitin ƙaramar hukuma, mu nan 44 gare mu. Na ƙasa ke farawa, in abu ya fi ƙarfinsa ya ɗaga wa na sama. Amma duk waɗannan ofisoshi ne, ranar da abu ya ɓaci ba ofis ake nema ba, ɗaki ɗaya ake nema da kowa zai turo wakilinsa mai iya yanke magana nan take ba wanda zai ce bari na tambayi oga ba. Shi ne ake ce wa EOC, cibiyar kula da ayyukan gaggawa.

Wadda na sani ciki da bai ita ce ta lafiya, wadda aka buɗe a Kano saboda shan inna bayan an buɗe ta Abuja a 2012. In ka shiga ba wani abin mamaki, dogon tebur ne da kujeru, allon talabijin a bango, taswirar mazaɓu 484, janareta na ta ruri a waje. Amma mutanen ma'aikatar lafiya da WHO da UNICEF da wakilin masarauta duk tebur ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ke jan zaman, in ya yanke an yanke. Lokacin zagayen rigakafi kullum da yamma sai an zauna bita, kowace ƙaramar hukuma ta faɗi yara nawa aka ɗiga wa, gida nawa aka ƙi buɗewa, wane ƙauye ba a shiga ba, kuma ba dama ka ƙara gishiri dan masu rigakafin suna ɗauke da waya mai nuna inda suka taka, in tawaga ta zauna gindin bishiya ta cika takarda taswira za ta tona ta. Gidan da aka ƙi yau, gobe da safe mai unguwa da liman suna ƙofarsa. Da haka aka yi ta yi har ya zama yaron ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Kano na Sumaila ne a Yulin 2014. A shekarar ne ma Ebola ta shiga Legas, irin wannan tsarin aka ɗauka aka kafa can, mutum 20 suka kamu a ƙasar 8 suka rasu aka tsayar da ita.

To gobara ma haka ake so ta tafi, sai dai ita minti ake ƙirgawa ba kwana ba. Mutanen ɗakin ba su ke kashe wuta ba, akwai kwamanda a wajen da abin ya faru, shi zai ce ga abin da nake so su kuma su nemo. Ka ɗauki irin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 da ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna. Motar kwana-kwana ruwanta ba ya daɗewa yake ƙarewa, dole wani ya zauna yana lissafin wace mota ta tafi ɗibo wace ta dawo, a roƙi tankokin kamfanonin gine-gine, a kira kamfanin wutar lantarki na KEDCO su ɗauke wutar layin kafin a fara fesawa, KAROTA da 'yan sanda su buɗe hanya su kuma kore masu zuwa da niyyar ɗiba, a gaya wa asibitin Murtala su shirya gadaje da jini, masu karaya a yi asibitin ƙashi na Dala da su kar a jibge kowa wuri ɗaya. In gini ne ya rufta kamar na titin Beirut a Agustan 2022 to katafila ake nema da masu yanka rodi, kuma dole ɗakin ya san wa ke da ita da lambarsa tun kafin ranar.

Abin da ya fi ba mu wahala wlh mutanenmu ne. Taro ya cika kowa da waya yana ɗauka, adaidaita sahu sun toshe lungu, ana so a yi tsit a ji ko akwai mai motsi ƙarƙashin ɓaraguzai amma ina. Ga jita-jita, kafin a fito da mutum ɗaya an riga an kashe hamsin a Facebook. Shi ya sa mutum ɗaya ake ba wa baki ya yi magana da gidajen rediyo, sauran kowa ya ja bakinsa.

Sai maganar jerin suna, nan ne ake gane an haɗa kai ko ba a haɗa ba. Na taɓa ganin ruwa ya ci wata unguwa, ƙungiyoyi daban-daban suka kwaso tabarmi da shinkafa da gidan sauro duk suka sauke a firamare ɗaya dan ita ce bakin titi, can ciki kuwa mata da yara a wani masallaci ko bargo babu. Ba mugunta ba ce, kowa da takardarsa ne kawai. Da takarda ɗaya ce mai unguwa ya sa hannu, da hakan bai faru ba.

Ambaliya ma ita tana sallama. Hukumar yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna na faɗin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, in za a saki ruwan dam ɗin Tiga ko Challawa mutanen Wudil har zuwa Haɗeja ya kamata su ji da wuri. Cikin birni kuwa kwata ce da ledar fiya wata, Jakara da Kwarin Gogau in suka toshe ruwa shaguna zai shiga, 'yan Kantin Kwari sun gani a 2022. Rabin aikin cibiyar tun kafin saukar ruwa ne.

Kai kuma in ka kira lambar gaggawa ta 112 ko 'yan kwana-kwana, dan Allah kar ka ce bayan masallaci kusa da mai shayi. Faɗi unguwa, babban titin da za a shigo ta nan, ko mota za ta iya shiga lungun, ko akwai mutane a ciki, ko akwai tukunyar gas ko fetur. Ka tura yaro ɗaya bakin titi ya tare su, kuma ka bar layinka a buɗe dan za su sake kiranka.