Kajina na mutuwa ɗaya bayan ɗaya: wane gwaji zai gano cutar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon kaji 25 a bayan gida. Cikin kwana 5 na rasa 6. Wasu na zawo kore, ɗaya wuyanta ya murɗe, wasu kuma sai dai a wayi gari a gan su a mace. Na zuba musu antibayotik a ruwa, babu sauƙi. An ce in kai su ɗakin gwaje-gwaje. Me zan kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar miki da alheri. Wanda ya ba ki shawarar nan ya yi daidai, kuma kada ki jinkirta.

Alamomin da kika faɗa sun fi kama da cututtuka biyu: Niyukasil da murar tsuntsaye mai tsanani, irin su H5N1. Dukansu bairos ne ke haddasa su, shi ya sa antibayotik ɗinki bai yi komai ba, don shi bakteriya yake kashewa. Abin damuwar shi ne ko ƙwararren likitan dabbobi ba zai iya bambance su da ido ba. Zawo kore, wahalar numfashi, murɗewar wuya, mutuwar farat ɗaya, duk ana ganinsu a kowacce. Kwalarar kaji, wadda bakteriya Pasteurella multocida ke kawowa, ita ma tana kashewa ba zato.

Saboda haka, kafin ki ɗauki ko kaza ɗaya zuwa wani wuri, ki kira likitan dabbobi na gwamnati a yankinku. Murar tsuntsaye da Niyukasil suna cikin cututtukan da ake kai rahotonsu ga hukuma, kuma murar tsuntsaye tana iya kama mutum. Kada ki farke mushen da kanki, kada a yanka masu ciwon a ci, kada ki sayar da sauran.

Idan likita ya ce ki kawo, abin da ya fi komai amfani shi ne kazar da ta mutu ɗazu-ɗazu, ko mai ciwo da ke raye wadda ba ta sha magani ba. A nan ne masu kiwo da yawa ke ɓata gwajin tun kafin a fara. Gashin kaza na riƙe zafi, kayan ciki kuwa suna fara ruɓewa cikin 'yan awoyi. Ki sa safar hannu da takunkumi, ki jiƙa gashin kazar da ta mutu da ruwan sanyi mai ɗan sabulu har ya kai fata, ki sa ta a leda biyu ki ƙulle, sannan a kwalla mai ƙanƙara, nesa da abinci. A sanyaya ta, amma kada ta daskare, domin daskarewa na fasa ƙwayoyin nama har mai duba su a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa ya kasa karanta su. A kai ta cikin awa 24, kada ya wuce 48. Kaji biyu ko uku sun fi ɗaya.

A can za su fara da buɗe mushen. Ɗigo-ɗigon jini a ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu na sa a zargi Niyukasil, amma zargi ne kawai. Tabbacin yana wurin gwajin PCR: ana goga tsinken auduga a maƙogwaro da dubura, a nemo ƙwayar halittar bairos ɗin kanta, sakamako kan fito cikin kwana ɗaya ko biyu. In ana zargin bakteriya, sai a shuka samfurin hanta ko saifa a faranti, a ga abin da ya tsiro da maganin da ke kashe shi. Maganin da kika riga kika ba su na iya hana tsirowar, don haka ki faɗa musu sunansa da ranar da kika fara.

Gwajin jini shi kaɗai ban cika dogara da shi a irin halin da kike ciki ba. Sojojin jiki yake aunawa, kuma kazar da aka yi wa rigakafi za ta nuna su ko lafiyarta ƙalau. Sai an ɗibi jini sau biyu, da tazarar mako 2 zuwa 3, kafin ya ba da labari mai ma'ana, kajinki kuwa ba su da wannan lokacin. Haka cutar Marek, mai shanye ƙafafu, wannan ta miƙe gaba waccan ta miƙe baya: bairos ɗinta ya bazu ko'ina a cikin kaji, samunsa a PCR bai isa hujja ba sai an duba jijiyar cinya da ƙarin da ke ciki a madubi.

Ki tafi da takarda mai ɗauke da shekarun kajin, rigakafin da aka yi musu, ranar da aka fara mutuwa, da ko kin shigo da sabuwar kaza cikin makonni 2 da suka wuce. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don Niyukasil kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana. Kafin sakamako ya fito, ki ware masu ciwo, ki keɓe takalmi ɗaya na shiga akurki kawai, kuma ki hana maƙwabta masu kaji shigowa wurin.