Masu sa kai sun watse, ni aka bar wa kuloli

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mu matasa ne a wata unguwa a Kano. Muna karɓar ragowar abincin biki daga ɗakunan taro, da burodin da bai shige ba a gidajen burodi, mu raba wa marayu da zawarawa da almajirai. Mun fara mu ashirin, yanzu da ƙyar mutum shida ke fitowa. Cikinsu ma wasu hoton masu karɓa suke ɗauka su sa a Facebook, akwai kuma wanda ke ɗibar abincin ya kai gidansu. Ni ne shugaba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka. Na daɗe ina rabon buɗa-baki a unguwarmu, kuma abin da na gani shi ne mai sa kai ba ya guduwa don wahala. Yana guduwa ne idan ya zo ya tsaya yana kallo, bai san aikinsa ba. Daina cewa "ku zo mu taimaka". Ce wa wane, "Kai ne za ka bi ɗan adaidaita ranar Asabar bayan isha'i ka ɗauko kuloli." Wance kuma ita ce mai zubawa a roba. A ba mai ɗauko kaya kuɗin mota. Wanda bai zo ba, ka fara tambayar lafiyarsa kafin ka tambayi dalili.

Aikin da ya fi nauyi ka ba wanda ka fi yarda da shi, wato duba abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, balle a zafin Kano na watan Afrilu. Shinkafa ta fi ban tsoro. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ta, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kashe gubar, hanci ma ba ya jin ta. Don haka ya tambayi masu girki, "Ƙarfe nawa aka sauke?" ya rubuta a takarda ya manna a jikin kular. Salak mai mayonis kada ku karɓa. Ku ba shi ikon cewa a zubar, ko da kai shugaba kana jin asara.

Hoto kam ni na hana. Akwai wata bazawara da ta daina zuwa wurinmu. Da na bi ta gida, sai ta ce an nuna wa ɗanta hotonta a makaranta tana miƙa kwano. Har yau abin yana ci mini rai. Karanta musu aya ta 264 a Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Idan masu bayarwa na son shaida, a ɗauki kuloli da robobi.

Mai ɗibar abinci kuma kada ka tona shi cikin mutane. Ja shi gefe, mai yiwuwa gidansu ba a ɗora tukunya ba. Idan haka ne, sa gidan cikin jerin masu karɓa. Ko a zakka ai an ba masu aikinta rabo.

Kada ku taɓa shelar wurin rabo. A azumin 2024 mata sun rasu a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi. Ku zauna da mai unguwa da liman ku rubuta gidaje, ku riƙa kaiwa da kanku. Ka nemo 'yan mata biyu ko uku cikin tafiyar, su ne za su yi sallama su shiga inda kai ba ka shiga.