Amsar da aka ba Alhaji kan zuwa ƙauyukan Sin bayan baje kolin Canton

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce za ka je baje kolin Canton na watan Afrilu a Guangzhou, kana da kwana uku a hannu, kana son ka leƙa ƙauye amma kana tsoron abinci da sallah. To, ni dai shawarata ka je. Mutanenmu da yawa shekara da shekaru suna zuwa Sin, amma daga Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka a Guangzhou, sai kasuwa sai filin jirgi, ba su san yadda manomin ƙasar yake rayuwa ba.

Ka hau jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Guangzhou ta kudu zuwa Guilin, bai fi awa 3 ba. Da fasfo ake sayen tikiti, da shi ake shiga, kada ya bar aljihunka. Sai dai ka kauce wa farkon watan Mayu, hutun ma'aikata ne, ko'ina a cike yake. Idan ka duba bayan takardar yuan 20, hoton duwatsun nan da kogi, kogin Li ne a kusa da garin Xingping, a yankin Guilin ɗin. Ka gani, yana da kyau, amma kada ka ɓata kwana biyu a can. Tsoffin nan masu kamun kifi da tsuntsu ma yanzu yawanci don masu ɗaukar hoto suke fitowa.

Inda nake so ka kwana shi ne Longji, kamar awa 2 a mota daga Guilin. Dutse ne aka sassaƙe shi hawa-hawa aka mai da shi gonakin shinkafa, tun fiye da shekara 600 ake wannan aiki, ruwa yana gangarowa daga gonar sama zuwa ta ƙasa. A lokacin da za ka je sun fara cika gonakin da ruwa. 'Yan ƙabilar Zhuang da Yao ne a wurin, gidajensu na katako ne a kan dirkoki, ƙasa na dabbobi da kayan noma, mutane a sama. Za ka lura tsofaffi sun fi yawa, sai jikoki, don matasa sun tafi birni neman kuɗi, kamar dai namu 'yan cirani. Tsohuwa za ta ce ta ɗaukar maka jaka a kwando ta hau dutse. Wallahi da nauyi a zuciya, amma sana'arta ce, ka biya ta da kyau, ban da dogon ciniki.

A hanya akwai ƙauyen Huangluo, inda matan Yao ke tara gashi, sau ɗaya suke yanke shi a rayuwa, idan budurwa ta kai munzali, kuma da ruwan shinkafa da ya yi tsami suke wanke shi. Suna yin wasa na baƙi, har su jawo namiji su yi masa bikin aure na wasa. Alhaji, idan an miƙo hannu ka yi murmushi ka zauna abinka.

Yanzu maganar abinci, nan ne fa sai ka buɗe ido. Naman alade da kitsensa suna shiga kusan komai, har ganye da shi ake soyawa. Shinkafar da suke dafawa a cikin gora, sau da yawa akwai busasshen naman alade a ciki. Akwai wani shayi da suke soya ganyensa da citta, su daka, su zuba a kan gyaɗa da soyayyar shinkafa, shi ne tarbar baƙo, ka tambayi da wane mai aka soya. Sannan giyar shinkafa, ita ce girmamawa a wajensu. Kada ka ɓata rai, kada kuma ka karɓa. Ka dafa ƙirji, ka nuna musu a waya da rubutunsu cewa kai Musulmi ne. Sun san Musulmi, akwai 'yan ƙabilar Hui Musulmi a ƙasar, za su kawo maka shayi ko ruwan zafi. Kafin ka bar Guilin ka nemi shagon taliyar Lanzhou mai koren allo da alamar halal, ka ƙoshi, ka kuma yi guzurin dabino da burodi. A ƙauye ka tsaya kan dafaffen ƙwai, dankali, masara da farar shinkafa.

In an ba ka abu, ka karɓa da hannu biyu. Kada ka soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka suke kafa turaren wuta ga mamatansu. A tsakiyar ɗaki za ka ga teburi da jan takarda da hotunan kakanni, kada ka ɗora kaya a kai, kada ka shimfiɗa dardumarka kana fuskantarsa. Ka yi sallarka a ɗakin da ka kama, ƙasaru, alƙibla tana yamma.

Za a kalle ka, wasu su nemi hoto, yara su biyo ka. Yawanci mamaki ne, amma in ba ka so, ka ɗaga hannu, za su bari. Kuma ka kama masaukin da ke karɓar baƙin waje, don doka ce a yi wa baƙo rajista cikin awa 24, otal ne ke yi maka. Ka haɗa Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, tun kana Guangzhou, ka kuma riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda tsofaffin nan. Allah ya kai ka lafiya, Alhaji.