Amsa ga mai tambaya kan gwajin jijiyar ƙaramin yatsa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce mahaifinki yana jin minjirya a ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, an yi masa gwajin gudun wuta a jijiyar ulna, wato jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa, takarda ta nuna 3.4 da 46, kina son sanin ko lafiya lau ne. Allah ya ba Baba lafiya. Na daɗe ina wannan aikin, bari in faɗi abin da na sani.

Idan an ɗora faifan na'ura mai karɓar amsar tsoka a naman gefen tafin hannu, ƙarƙashin ƙaramin yatsa, aka tsikari jijiyar da 'yar wutar lantarki a wuyan hannu, yawancin ɗakunan gwaji suna son saƙon ya iso cikin milisakan 3.3 ko ƙasa (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), ƙarfin amsar tsoka ya kai milibolt 6 (ma'aunin ƙarfin wuta ke nan), gudu a damtse, tsakanin gwiwa da wuyan hannu, kuma ya kai mita 49 ko 50 a sakan. Wasu da ke auna tazarar santimita 8 tsakanin wurin tsikara da faifan suna yarda da jinkiri har 3.7. Kin ga ke nan 3.4 ɗin nan ba ta da ma'ana sai an san tazarar da aka auna.

Lambar 46, wato gudun saƙo a jijiyar, ita ce ta fi ɗaukar hankalina. A ina aka same ta? In a gwiwar hannu ne, to a duba yadda aka riƙe hannun. Dole a lanƙwasa gwiwar kamar digiri 70 zuwa 90, a auna tazarar kusan santimita 10. In hannu a miƙe yake, jijiyar tana sakewa a bayan ƙashin, awon ya gaza tsawonta na gaskiya, sai gudun ya fito ƙasa alhali babu ciwo. Alamar ciwo da muke nema ita ce gudun gwiwa ya gaza na damtse da fiye da mita 10 a sakan, ko ƙarfin amsa ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin 100 daga ƙasan gwiwa zuwa samanta.

Sai sanyi. Da hunturu dattijo zai shigo da sassafe hannunsa kamar ƙanƙara. Ni ba na taɓa na'ura sai na sa hannun a ruwan ɗumi fata ta kai digiri 32, domin kowane digiri ɗaya na sanyi yana rage gudu da kusan mita 2 a sakan. Abin yana ɓata mini rai in ga takarda babu zafin fata a jikinta.

Ki mayar wa likitansa da takardar, ki tambaya ko an gwada ɗaya hannun don kwatance. A duba sukarinsa, a kuma shafa jijiyar a bayan gwiwa a ji ko ta yi kauri, a duba fatarsa, saboda kuturta tana yawan kama wannan jijiyar kuma tana da magani. Kafin nan, Baba ya daina dogara gwiwarsa a hannun kujera, kada kuma ya kwana da hannu a naɗe.