Amsa ga Alhaji kan kamun tirawut a Ingila

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka, wai yaronka zai kai ka kamun kifin tirawut in ka je Ingila, ko ka sayi sandar fatsa a nan Ankara ta Gana ka tafi da ita. Kada ka sayi komai, asarar sidi ce kawai.

Wannan fa ba irin fatsarmu ta tafkin Weija ba ce, a soka tana, a ɗaura dalma, a zauna jiran karfasa. Ƙugiya ake naɗewa da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Ba ta da nauyi ko kaɗan, igiyar ce mai nauyi, ita ke jan ƙugiyar ta kai ta nesa. To jifan nan shi ne duk karatun. Ka biya malami ya koya maka, a kan ciyawa ma ake farawa, kuma yawanci shi zai ara maka kaya. Ka sa tabarau da hula, ƙugiya kusa da fuskarka take wucewa.

Sai lasisi. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya yanka, ta intanet, akwai na kwana 1, akwai na kwana 8. In aka kama ka babu shi, tara na iya kai fam 2,500. Kuɗin mai kogin ko tafkin kuma daban.

Kada yaron ya ja ka kogin Test, wurin masu kuɗi ne. Ku je tafki, Rutland ko Grafham.

Ni abin da har yau yake ci min rai, Alhaji, na biya kuɗina a wani rafi, na tsaya cikin ruwan sanyi har ƙafata ta mutu, Allah ya ba ni kifi mai kyau, mai gadi ya ce in mayar. In mayar! Wai doka. Na ce masa a Jamestown, unguwar masunta ta Ankara, ka faɗa wa masunci haka mu gani. Ya tsaya a kaina har na sake shi, har da ce min in jiƙa hannu kafin in taɓa shi. Kifin da na riga na gama lissafin yajinsa.

Don haka ka tambaya tun a ƙofa, tikitin da ake ɗaukar kifi kake so. Wane wata ma za ka tafi? In lokacin sanyinsu ne, rafuka a rufe suke.