Wane laifi Margaret Pole ta yi wa Sarki Henry na 8?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sarkin Ingila Henry na 8 ya sa an fille kan wata dattijuwa 'yar shekara 67, wadda ita ce ta reni 'yarsa. Wace ce ita, kuma me ta yi masa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sunanta Margaret Pole. A ganina abu biyu suka ja mata: jinin sarautar da ke jikinta, da ɗan da ta haifa.

An haife ta a 1473. Mahaifinta George ƙanin Sarki Edward na 4 ne, kuma tana 'yar shekara huɗu wan nasa ya sa aka kashe shi. Da gidan Tudor ya karɓe gadon sarauta a 1485, duk mai jinin tsohon gidan ya zama abin tsoro. An tsare ƙaninta Edward a Hasumiyar Landan tun yana yaro, aka fille kansa a 1499. Ita kuwa aka aurar da ita ga Richard Pole, mai biyayya ga sabon sarki Henry na 7, mahaifin Henry na 8, wanda ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar ba wani abin hannu. Har sai da ta raɓa a gidan mata masu ibada na Syon, ta kuma ba coci ɗanta Reginald.

Henry na 8 da kansa ya share mata hawaye. A 1512 aka mayar mata da filayen gidansu da sarautar Salisbury da sunanta, abin da ba kasafai mace ke samu ba a zamanin. Sannan aka damƙa mata renon Gimbiya Mary.

Ranar da Henry ya rabu da Sarauniya Catherine, uwar Mary, aka ga halin Margaret. A 1533 aka aiko a karɓi kayan adon yarinyar, ta hana. Aka sallame ta daga aiki, ta ce a bar ta ta ci gaba da kula da gimbiya da kuɗin aljihunta. Sarki ya ƙi.

Abin da ya ƙarasa ta daga Italiya ya zo. Reginald, wanda Henry ya ɗauki nauyin karatunsa, ya aiko a 1536 da dogon rubutu yana caccakar sarki kan ɓallewa daga Fafaroma, kuma a shekarar aka naɗa shi kadinal, wato babban limami na kusa da Fafaroma. Uwar ta rubuta masa tana yi masa faɗa, amma bai cece ta ba. Hannun sarki bai kai ga Reginald ba, sai aka bar jaki aka koma dukan taiki. A 1538 aka kama ɗanta Geoffrey, aka matsa masa har ya yi magana, aka fille kan babban ɗanta Henry. Ita ma an yi ta titsiye ta da tambayoyi, ba a samu komai a bakinta ba. Hujjar da Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki, ya kai majalisa a 1539 wata riga ce mai zanen raunukan Almasihu biyar, wai alamar goyon bayan 'yan tawayen arewacin Ingila. Majalisa ta yanke mata hukunci ba tare da an kai ta gaban alƙali ba, kuma wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Ranar 27 ga Mayu 1541 aka fito da ita a cikin Hasumiyar. Haunin sabon shiga ne, sai da ya yi ta sara a kai da kafaɗu kafin rai ya fita.

Yarinyar da ta rena ta hau gadon sarauta a 1553, ta dawo da Reginald gida, ya zama Babban Bishop na Canterbury a 1556.